An Hana Gaisuwa a Zaure

Muhawarar gyaran kwalbati ta yi tsawo a zauren WhatsApp na 'yan layi, har Suhaila mai kula da zauren ta ce daga yau ba gaisuwa, sai zancen gyara.

Abin ya taɓa Alhaji Abdulbaqi. Tun rasuwar Hajiya shi kaɗai ne a makeken gidansa na GRA, a zauren nan kawai ake amsa masa ina kwana.

Sai ya yi dabara. Kullum da safe ya tura saƙon murya yana ƙorafin kwalbati, maƙwabta su yi ta mayar masa.

Ran Juma'a Suhaila ta rubuta: "Baba, an gyara fa. Na rufe maganar."

Ya ajiye wayar gefen shayinsa. Har ya huce ba ta yi ƙara ba.