Turakun Filin Jurf

Ƙaltume ta sunkuya ta kama turken ƙarfen da hannu biyu, ta jijjiga shi hagu da dama, bai ko motsa ba. Ta miƙe tana haki, ta ƙwanƙwasa masa kai da sandarta.

"Hajiya, bari, kada ki ji ciwo," in ji Isah direban katafila, mutumin Tawa, yana saukowa daga motarsa. "Muhandis, injiniyan aikin, da kanshi ya kafa su jiya. Ni dai an ce gobe da sassafe in bi igiya in daidaita ƙasa."

"Muhandis ɗin ni na haife shi. Kira mini shi."

Shekara arba'in ke nan samarin unguwa, jikokin Takarin da suka zo hajji suka zauna, suna buga ƙwallo a wannan fegi na Jurf, a gefen Madina. Na mijinta ne, marigayi Lurwanu Maiturare. Kafin ya rasu ya yi waƙafinsa ga ƙungiyar unguwa, ita kuma ya bar mata gida da layin dabino goma sha ɗaya da ke gefen kudu. Tsohon filin ɗan ƙarami ne, na mutum bakwai-bakwai, daga katangar arewa zuwa gindin dabino. To bana ƙungiya ta hau rukunin da ba a karɓar baƙi sai a cikakken fili, kwamiti ya yi wata uku yana shan shayi a kan maganar: ko a riƙa hayar fili a Aziziyya, ko a koma wani kango can bayan Uhudu inda ba ruwa ba hanya, ko a gina na gida. Aka tsaya a kan na gida. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta nemi a tambaye ta ba, sai yau da hantsi da ta hau saman soro shanya ta hango igiya ta miƙe tun daga gabas har yamma.

Ɗan nata Ubaidullah ya iso bayan la'asar, taswira a naɗe a hammata. Ya sumbaci goshinta, ya fara zuba da Larabci kamar yadda ya saba, ita tana mayar masa da Hausa kamar yadda ta saba.

"Ya Ummi, me ya fito da ke cikin ƙura?"

"Ƙarfe nawa ake wasa a filin nan?"

"Tsakanin la'asar da magariba. Kin fi ni sani."

"Ina rana take a lokacin?"

Ya kalli takalminsa. A Ireland ya yi karatun gini, can ya ga filayen wani wasansu da ake ɗaukar ƙwallo da hannu a kuma buga da ƙafa, kowace gunduma da filinta, mutanen gari suka gina da guminsu. Tun da ya dawo bai da zance sai wannan. Hoton filin ma yana rataye a falonsa.

"Za mu sa fitilu daga baya, a koma wasa bayan isha."

"Baladiyya, hukumar gari, ta hana ku fitila saboda gidajen mutane. Matarka Sundus ta faɗa mini, kada ka sa ta zama maƙaryaciya."

"Ummi, tsawon ne. Mita ɗari muke nema. Gabas zuwa yamma akwai ɗari da goma. Arewa zuwa kudu tamanin ne, sai…" Bai ƙarasa ba, ya dai ɗan karkata kai wajen dabinon.

"Sai me?"

"Halas, a bar zancen, Ummi. Ba wanda zai kawo miki wannan maganar. Ba ma a rubuta ta cikin zaɓin ba."

Ashe an yi mata kara ne. An zauna an yanke cewa tsohuwa ba ta rabuwa da itacen mijinta, aka ɓoye mata wuƙar kamar yadda ake ɓoye wa yaro. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da labarin ƙasa a makarantar mata, har yau rabin matan unguwa Abla suke ce mata, wato malama, kuma ta daɗe da lura cewa abin da kowa ya sani yawanci ba wanda ya taɓa auna shi.

Tana cikin haka farar mota ta tsaya a bakin katanga. Yaya Bakri ya fito, wan mijinta, shugaban kwamiti, yana gyara zaman gutrarsa, mayafin kan nan na Larabawa. Saba'in da huɗu, amma tafiyarsa ta mai tsaron raga ce har yanzu, ƙafafu a ware. Shi ya tsare wa unguwa gida shekara goma sha biyu, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a walima sai ya ji labarin fenaritin da ya kaɗe wa mutanen unguwar Kuba.

"Abla! An ce kin zo duba mana jarrabawa."

"Na duba, Yaya. Kun faɗi."

Ya yi dariya har yana dafa kafaɗar Ubaidullah. "Ke da ba ki taɓa taka ƙwallo ba! Zo ki ga hikimar." Ya ja ta zuwa igiyar da ke gefen kudu, ya tsaya ƙafafunsa a kanta, ya fuskanci alƙibla. "Kin san al'adarmu. Ana kiran magariba alƙali ya busa, mu da baƙi da 'yan kallo mu yi sahu a kan layi. A tsohon filin mutum talatin ke samun sahun farko, saura su bi baya suna hararar juna. Yanzu dubi nan. Layin gefe ne zai zama sahu, mita ɗari, a miƙe kamar an zana da alƙalami. Mutum ɗari da hamsin a sahun farko! Wane fili ne a Madina ke da wannan? Ladan kuma na ɗan'uwana ne."

Ba ta raina maganar ba. Ta san da zuciya ɗaya ya faɗe ta, ta kuma san da wannan hujja ya rufe bakin kwamiti, don wa zai tashi ya ce a rage sahun farko?

"Ma sha Allah," ta ce. "Sai dai sallar minti bakwai ce, wasan kuwa minti casa'in."

"A'uzu billahi! Kina auna salla da wasa?"

"Ina auna rana da ido. In baƙi suka zo sau biyu golansu yana tsaron gida a makance, sai su rubuta wa hukuma, a ce filin bai yi ba. Ku koma haya a Aziziyya, ku bar nan da ciyawar roba da dogon layi, babu mai tsayawa a kansa. Kankare kuwa in ya bushe ba a juya shi kamar darduma."

"Gola na gaske rana ba ta dame shi. Mu da muka yi tsaro ba hula ba safar hannu?"

"Kun yi tsaro rana tana gefen kunnenku. Ba ka taɓa fuskantarta ba, Yaya, ko sau ɗaya."

Ta duba agogon hannunta: biyar da kwata.

"Akwai ƙwallo a motarka, Ubaidu?"

"Ummi…"

"Ɗauko."

Ta taka da kanta har ƙarshen gabas, inda aka kafa turaku biyu a mazaunin raga. Ta nuna tsakaninsu da sanda. "Bismillah. In ka tare, na koma gida, ba za ka ƙara jin bakina ba har a buɗe fili."

"A gaban ma'aikaci za ki sa ni wasa da girmana?"

"Isah ba ya kai labari. Ko kuwa fenaritin mutanen Kuba ma a walima kawai aka kaɗe shi?"

Wannan ta shiga. Bakri ya tuɓe takalma, ya naɗe ƙasan tobensa, doguwar rigar nan, ya soke a wando, ya shiga tsakanin turakun ya sunkuya, hannuwa a buɗe. Rana ta sauko daidai saman rufin gidajen yamma, jawur, ba gajimare ko ƙyalle ɗaya. Ya runtse ido, ya janyo gutra ta rufe goshi, ya sake buɗewa.

Isah ya ajiye ƙwallo taku ashirin da wani abu daga gabansa, ya dubi Ƙaltume. "Hajiya, da ƙarfi ko da ladabi?"

"Da ladabi. Ɗaga ta sama kawai."

Ya sa mata ƙafa a ƙasa. Ƙwallo ta tashi a hankali, irin wadda mace mai goyo ma za ta cafe, ta bi ta saman kafaɗar Bakri ta hagu, ta faɗi a bayansa cikin yashi mai laushi, ko ƙara ba ta yi ba.

Bakri yana nan a sunkuye, hawaye na bin gefen idonsa.

"Yalla mana!" ya daka tsawa. "Ka buga, ya Isah! Sai an yi magariba?"

Isah ya juya baya yana duba tayar katafila da ba abin da ya same ta. Ubaidullah ya taka a hankali, ya ɗauko ƙwallon daga bayan baffansa, ya riƙe ta a ƙirji.

Bakri ya dubi ƙwallon, ya dubi rana, ya saki tobensa. Ya daɗe yana sa takalmi.

"To, Abla," ya ce, muryar ta sauka. "Na ji. Amma ƙasa ba ta miƙuwa don an ja ta. Tamanin ne. Ina za ki samo ashirin?"

"Ga su can."

Ya bi sandarta da kallo har layin dabinon. "La'a. Wallahi a'a. Ni na riƙe masa igiya ranar da ya dasa su. Kuma a Madina kike maganar sare itace?"

"Wa ya ce a sare? A tono su da saiwarsu a mayar bayan gida. Ana yi, na ga an yi a bakin titi."

"Ummi, sun tsufa," in ji Ubaidullah, wannan karon da Hausa, a karye kamar kullum. "In uku suka rayu an gode Allah."

"Na sani."

"Na sani, in ji ki!" Bakri ya ce. "Kaka ta wuce, ba ki ci 'ya'yansu na ƙarshe da sanin na ƙarshe ne ba."

"Da na sani ma ɗanɗanon ɗaya ne." Ta juya ga Bakri. "Yaya, fili ya bar wa yaran nan, ba inuwa ya bar musu ba. Dabinon nawa ne, a takarda da sunana. Sahu kuwa ka auna faɗin sabon filin, mita sittin da huɗu. Mutum ɗari za su tsaya a layin tsakiya. Ka taɓa ganin mutum ɗari sun gama alwala kafin liman ya yi kabbara a unguwar nan?"

Dariya ta so ta ƙwace masa, ya haɗiye ta. "Kwamiti fa? Wata uku ina yi musu wa'azin dogon sahu."

"Kai ne tsohon gola. Ka ce ka tsaya a raga ka gani da idonka. Ba ƙarya ka yi ba."

"Ban gani ba ai."

"Shi za ka faɗa musu."

Bakri ya share ido da gefen gutra. Ya taka zuwa turken da ke kusa da shi, ya dafa shi da ƙafa, ya yi kira ba tare da ya waiwaya ba. "Ya Isah! Kawo guduma. Muhandis, kai kuma buɗe takardarka, ka sake zana mana."

Ubaidullah ya shimfiɗa taswira a kan murfin mota ya yi 'yan aune-aune, sannan ya ɗago. "Ba duka ba ne, Ummi. Bakwai na tsakiya ne suka shiga layi. Biyu a kowane gefe za su zauna." Ya ɗauko gwangwanin jan fenti na feshi daga bayan mota. "Gobe ni zan sa musu alama. Ki shiga gida."

Ta miƙa hannu.

"Ummi."

"Ba ka san su ba. Za ka fesa wa na ukun a kan tabon da yake da shi."

Ya ba ta. Ta tafi ita kaɗai, sanda a dama, gwangwani a hagu, ta bi ta kan igiyar ta tsallake. A gindin na uku ta tsaya, ta ɗora tafin hannunta a jikinsa na ɗan lokaci, kamar mai duba zazzaɓi. Daga bayanta ana jin guduma tana dukan turke gefe da gefe don ya saki. Ta girgiza gwangwanin, ta zagaya ɓangaren da ba tabo, ta ja jan layi ɗaya a miƙe, ta wuce na huɗu.