Fasinjojin da ke Cikin Direba

Maƙwabcina direban bas ne, tsoho kamata, ana ce masa Sai-Ta-Cika, domin tun da ya kama sitiyari bai taɓa barin tasha da kujera ko ɗaya babu mutum ba. A tsakar gidansa akwai bishiyar lemo da matarsa ta shuka tun ƙuruciya. Tsuntsayen bishiyar suna ɓata masa gilashin mota. Ran da matar ta je duba ƙanwarta a asibiti, ya sa aka sare bishiyar. Da ta dawo ta daɗe tana kallon kututturen, sannan ta haɗa kayanta ta koma gidan autarsu. Sharaɗinta guda ne: ya zo da ƙafarsa ya ce ya yi kuskure, ta dawo.

Ya kasa. Sai Auta ta haɗa shi da wata likita mai magani da zance kawai. Ya ce ba ya shiga sai da ni, ni kuwa na daɗe ina son ganin asibitin da babu allura.

Ɗakin likitar ƙarami ne, da furen roba a kan tebur, da kwalin takardar share hawaye, da agogon bango da aka rataye a bayan maras lafiya don ita kaɗai ta riƙa gani.

"Baba," in ji likitar, "babu mutumin da yake shi kaɗai a cikinsa. Akwai ɓangare mai fushi, akwai mai tsoro, kowa da aikin da yake ganin yana yi maka. Ka ɗauka mota ce. Su fasinjoji ne, kai ne direba."

Nan ta yi ɓarna, ba ta sani ba.

Ya rufe ido, bai jima ba ya gano Mai Tsawa a kujerar gaba, ya miƙe ƙafa. Ya gano Mai Gadi a bakin ƙofa. Can baya kuma ga wani ɗan ƙaramin shi, wanda ya taɓa fasa madubin ubansa, ya ce "ni ne," aka yi masa dukan da tun daga ranar Mai Gadi ya hana kalmar fita. Sai-Ta-Cika ya yi kuka na gaske, har ni ma na ja takarda ɗaya.

"Dafa ƙirjinka, ka yi masa magana kamar yadda za ka yi wa jikanka," in ji likita. Ya yi. Ta ce, "To, kana jin za ka iya zuwa wurin Inna, matarka, yanzu?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Da wannan lodin? 'Yar nan, ai ko rabi ba ta yi ba."

Daga nan ya shiga neman fasinja. Kowane zuwa da sabo. Akwai mai son barcin rana, akwai mai ƙin surukai, akwai wani dogo da ba ya cewa komai sai tari. Ni ma na gwada leƙa cikina a kan bencin jira, ban samu kowa ba sai wani tsoho yana gyangyaɗi da akuya a gefensa, kuma har yau ban san ta wane ne ba.

"Baba, motar nan misali ce kawai," likita ta ce masa wata rana, tana satar kallon agogo.

"Ko misali ce ba ta tashi da kujera a banza. Ki tambayi duk wanda ya san hanya."

Auta ta riƙa bugo waya, tana kai wa uwarta labarin kowane sabon fasinja. "Baba, Inna fa ta fara tambayar inda ake sayar da labule, kamar mai shirin zama a nan."

"Ki ce ta ƙara haƙuri, saura bayan mota."

Sai da damina ta wuce sannan motar ta cika. Ya yi aski, ya sa riga mai guga, na raka shi gidan Auta. Matar ta fito bakin ƙofa hannunta da kumfar wanki, ta tsaya.

"Mun zauna mun tattauna," in ji shi. "Ashe Mai Tsawa ne ya sare bishiyar, shi ma ƙaramin yake karewa. Babu mugu a cikinmu. Na dafa ƙirjina na yafe mana gaba ɗaya. Ki ga yadda nake barci yanzu."

"Madalla, Maigida. Cikinku wa zai ce ya yi kuskure?"

Ya rufe ido. Muka jira. Kumfar hannunta ta bushe.

"Kowa ya ce ba nan zai sauka ba."

"Ashe duk shekarun nan girkin jama'a nake yi," in ji ta, "shi ya sa ba ya isa."

Ta shiga ciki. Na zaci jakarta za ta ɗauko, har na gyara tsayuwa in karɓa. Ta fito da makullin gidansu, ta buɗe tafin hannunsa ta saka masa, ta naɗe yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ba dogon nan mai tari ɗakina," ta ce. "Ya fi shan iska."

Ta mayar da ƙofa a hankali, ta sa sakata.