Gilashin Wayar Auta

Kullum ƙarfe biyar da minti arba'in na safe Auta yakan yi magana a gidan, ko da yake watansa huɗu ke nan a ƙasa.

Daga bene na huɗu ya faɗo, a wani gini da suke ja wa wayar lantarki. Abokan aikinsa suka kawo wa matarsa takalmansa da wayarsa a leda. Gilashin wayar ya yi raga-raga, baƙi ƙirin, duk inda ka danna ba ya nuna komai. Amma cikinta da rai. Washegari da sassafe, 'yan uwa na kwance ko'ina a falo, sai ga muryar mamacin daga cikin ledar: "Aku, Aku, tashi ki ba ni labari!" Sai dariyar yarinya, sai muryar matarsa daga nesa tana cewa ya bar 'yar mutane ta yi barci, sai shi ma ya kwashe da dariya. Ashe abin da ya naɗa a wayar ke nan ya mayar ƙararrawar tashinsa aiki. Wata gwaggo ta kusa sumewa.

Tun daga ranar matar Auta ba ta bar wayar ta kwana ba caji ba. Ta ajiye ta a kan durowa, bisa wani farin ƙyalle. Aku kuwa, 'yarsu mai shekara huɗu da surutu ya ja mata wannan suna, takan riga kowa tashi, ta zauna gaban durowar da bargonta, ta jira. In muryar ta zo sai ta amsa, ta ba uban labarin jiya kaf, har da wanda ya mintsine ta a makaranta.

Mahaifin Auta yana jin duk wannan daga ɗakinsa. Mai Agogo ake ce masa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran agogo a ƙarƙashin matakalar wani kanti, har zuwa lokacin da mutane suka koma duba lokaci a waya suka bar shi da teburinsa. Ya kwaso akwatin kayan aikinsa da agogunan bango bakwai da masu su ba su dawo karɓa ba, ya tare a gidan ɗansa. Yana da haushin waya, kuma ba ya ɓoyewa. Yanzu ga shi duk abin da ya rage masa na ɗansa yana cikinta.

Abin da ke hana shi sukuni shi ne ya san inji. Duk abin da ke tafiya, wata rana zai tsaya. Ya ce wa surukarsa a sa sabon gilashi, a kwashe muryar da hotunan a ajiye wani wuri.

"Baba, a bar ta haka," ta ce, kanta a sunkuye. "Maƙwabciyarmu ta kai tata gyara, aka dawo mata da ita an share komai."

"Wa ya ce miki za a kai wa yaran nan? Ni zan yi."

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Shi kuma ya ɗauki shirunta a matsayin to, don haka ya fi masa daɗi.

Ya je layin masu waya ya sayo gilashin. Mai gyaran da ya sayar masa, wani mai ƙaton ciki da tabarau, ya nuna masa yadda ake ɗumama gefen don gam ya saki, da yadda ake cire batir kafin a taɓa komai. Sannan ya ce, "Baba, abu ɗaya. Notinta goma sha ɗaya ne, kowane noti da gidansa. Ka zana wayar a takarda, duk wanda ka cire ka ɗora shi a wurinsa. Kar ka haɗa su."

Mai Agogo ya dube shi daga sama har ƙasa. "Tun ba a yaye ka ba nake kwance agogo mai noti sittin in mayar. Goma sha ɗaya ne za su gagare ni?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

Ranar Asabar da hantsi ya share teburin cin abinci, ya jawo shi kusa da taga, ya shimfiɗa koren ƙyallensa na aiki. Ya jera hantsaki da 'yan sukundirebobinsa, ya maƙala madubinsa na ido ɗaya. Surukar ta kawo abin busar da gashinta don ɗumama wayar, ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta harɗe hannuwa. Aku an tura ta gidan maƙwabta, don ba a wannan aiki da aku a kusa.

Gaskiya a faɗe ta, hannun tsohon bai manta ba. Ya ɗumama, ya zura, ya ɗaga tsohon gilashin a hankali, ɓurɓushinsa na zuba kamar gishiri. Ya cire batir. Ya kwance notin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya duba su da madubi sai ya ga ƙurar siminti a jikinsu, ƙurar ginin da ya ci ɗansa. Ransa ya ɓaci. A sana'arsa ba a mayar da noti da datti, wannan shi ne abu na farko da maigidansa ya koya masa da rankwashi. Bai ma yi tunani ba. Ya tsiyaya fetur a ɗan kofin gilashinsa, ya share su duka goma sha ɗayan ya zuba ciki, ya kaɗa, ya juye su a takarda su bushe. Suka fito suna ƙyalli.

Ya jona sabon gilashin, ya mayar da batir, ya danna don gwaji, wayar tana buɗe ba a ɗaure komai ba.

Ta kawo haske.

Ga Auta nan, da hular aikinsa a karkace, Aku a wuyansa ta riƙe masa kunnuwa. Surukar ta yi wani sauti da ba kuka ba ne, ba dariya ba. Ta zo ta durƙusa gefen teburin, ta sa lambobin sirrin, wayar ta buɗe. Hotuna sun fi dubu.

"Baba, bari in tura su wayata yanzu-yanzu. Ko muryar kawai."

"Haba 'yata, a haka? Hanjinta a waje?" Yana murmushi, rabonsa da murmushi tun kafin rasuwar. "Ni ban taɓa miƙa wa mutum aiki a buɗe ba. Minti biyar. In rufe miki ita tsaf, sai ki tura har ki gaji."

Suruka ba ta ja da uban miji a kan sana'arsa. Ta janye hannunta.

Ya kashe wayar, ya ɗora ɗan faifan ƙarfen da ke danne mahaɗin gilashin. Ramuka huɗu, ga noti huɗu da ya ware, a madubinsa duk kansu ɗaya. Uku suka shiga lafiya. Na huɗun ya tsaya kafin ya zauna. A agogo, in noti ya yi haka, ana ƙara masa juyi kaɗan har a ji ya kwanta. Ya ƙara masa. Wani ɗan ƙas ya zo masa ta yatsu, wanda kunne ba zai ji ba. Duk da haka ya ci gaba, ya rufe, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta danna. Babu komai. Ta sake dannawa ta riƙe. Ta sa caja. Bayan wayar ya ɗan yi ɗumi, shi ke nan.

Da rana tsaka yana tsaye gaban mai tabarau. Mutumin ya buɗe, ya kwance faifan, ya sa ƙarƙashin na'urarsa mai ƙara girma, ya daɗe yana kallo. Sannan ya matsa ya ce Baba ya duba da kansa. Mai Agogo ya sunkuya. A ƙasan ramin na huɗu akwai wani ɗan zobe mai launin jan ƙarfe, inda bakin notin ya huda injin wayar ya tsinke hanyoyin da ke ciki.

"Dogon ka sa a gidan gajere," in ji mai gyaran. "Bambancinsu bai kai kaurin gashi biyu ba."

Bai ce ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi sauƙi. Ya yi awa uku yana fama, ya kira wani da ya fi shi, shi ma ya gwada. Da yamma suka mayar wa tsohon wayar a cikin leda, kamar yadda ta zo gidan tun farko.

Surukar ta karɓa a durƙushe. "Ba komai, Baba. Ka yi ne don alheri." Ba ta dube shi ba. Ta kai wayar kan farin ƙyallenta, ta sa mata caja kamar kullum, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ya so ta zage shi, ya so ta fasa masa agogunan nan bakwai a ka. Abincinsa ta ajiye masa a rufe, har da ruwan wanke hannu.

Da safe ya fito falo ya tarar Aku ta riga shi. Tana zaune gaban durowar da bargonta, tana kallon sabon gilashin.

"Kaka, an yi mata sabuwar fuska! Yau ina da labari biyu."

Ya zauna kusa da ita a ƙasa, gwiwoyinsa na ƙara. Ta buɗaɗɗiyar ƙofar ɗakinsa yana hango agogunan bango, waɗanda bai taɓa barin ɗayansu ya yi kuskuren minti ɗaya ba. Biyar da arba'in ta yi. Ta wuce. Yarinyar ta gyara zama, ta yi hamma, ta taɓa wayar da ɗan yatsa.

"Lokaci bai yi ba ne?"

Duka bakwai ɗin suna nuna shida saura minti takwas. Uwarta na tsaye a ƙofar kicin da buta a hannu, tana jiran ta ji me zai ce.

"Saura kaɗan," in ji Mai Agogo.

Aku ta ja bargonta, ta ci gaba da jira.