Kyanwar Bhanwar a Ɗakin Hatsina

Ni, Nemichand, na ari kyanwar maƙwabcina na rufe ta a ɗakin hatsina.

Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa cin abinci bayan faɗuwar rana ba. Ruwa sai an tace mini da ƙyalle. A unguwarmu ta mabiya addinin Jain, inda ba a kashe ko da ƙwaro, idan yaro ya ɗaga takalmi a kan kyankyaso, da sunana ake tsorata shi.

Sai ɓeraye suka zo da damina. Na kama su da rai a keji, na kai su bayan tsohuwar rijiya na sake. Kafin in iso gida sun riga ni. Wani mai yagaggen kunne sau huɗu ina ɗaukarsa, har ya koma shiga kejin da kansa kamar fasinja. Gero kuwa yana ta ƙarewa.

Na je wurin Bhanwar maginin tukwane. Shi Hindu ne, ba ya cin nama, amma kyanwarsa ba ta da addini.

"Seth, kai da kanka?" in ji shi, da laƙabin girmamawar da ake kirana da shi.

"Ba wani abu za ta yi ba. Ɗakin da sanyi, ta je ta huta."

"To, ta huta lafiya."

Sati uku ban ji motsin ɓera ba. Ran nan matata Kanchan tana shara, ta ɗago wani abu a bakin tsintsiya.

"Baban Manak, wutsiyar wa ce wannan?"

"Ba hannuna ya yi ba."

"Kai ka koya wa yaran gidan nan: kada ka yi, kada ka sa a yi, kada ka ji daɗi in an yi. Jiya na ji ka kana auna gero kana waƙa. Shekara hamsin ban taɓa jin ka yi waƙa ba."

Saura kwana biyu a shiga azuminmu. Ranar ƙarshe kowa na neman gafarar duk mai rai, kuma tsakar gidana ake cika, daidai ƙofar ɗakin hatsin. Idan aka ji kukan kyanwa a can, ba mai sake sunkuya mini.

Na ɗauki kwando na shiga. Na same ta bayan buhuna ta yi ƙiba, 'ya'ya biyar suna shan nono, idonsu bai buɗe ba. In na yar da su bayan rijiya, sun mutu, a wuyana. Na kwashe su duka, na rufa da rawanina, na fita kai ba komai.

Bhanwar yana kan aikinsa, laka har gwiwar hannu.

"Ga kayanka," na ce.

Ya ɗaga rawanin ya leƙa. "Guda na ba ka, Seth."

"Ka san tana da ciki ka ba ni."

"Ka tambaye ni? Da geronka aka yi kiwon ɓerayen, da ɓerayen aka yi nonon. 'Yan gidanka ne."

"Kwana goma kawai, Bhanwar. Har a gama azumi."

Tun da nake ban taɓa roƙon mutum ba. Ya mayar da rawanin ya rufe su a hankali, ya turo mini kwandon da ƙafa.

"Ba zan karɓa ba."