Kafso Ashirin da Ɗaya

Ƙayar kurungu ce ta soki Halliru a tafin ƙafa, yana cire kifi daga raga a bakin dam ɗin Goronyo. Masunci kuwa, ina ruwansa da ƙaya? Ya ɗaure da tsumma ya koma ruwa. Kwana huɗu ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Sai da matarsa Mansura ta yi da gaske kafin ya yarda aka ɗora shi a babur zuwa asibiti.

Malam Sa'adu, ma'aikacin asibitin, ya wanke ciwon, ya ba su kafso ashirin da ɗaya. Ya ce magani ne mai kashe ƙwayoyin cuta iri-iri, a sha uku kullum har kwana bakwai. "Ko ya tashi yana gudu, a shanye shi tas. In aka bari, ciwon zai dawo, kuma da fushi zai dawo."

Washegari aka yi wa Mansura waya daga Wurno: ƙanwarta ta haihu, ba mai zama da ita. Ta damƙa maganin a hannun Kaka, mahaifiyar Halliru, ta maimaita mata bayani har sau uku. Kaka kuwa duk unguwa an san halinta. Ko tarwaɗa ɗaya ta shigo gidan, sai maƙwabta biyar sun ɗanɗana.

Duk kiran da Mansura ta yi daga Wurno, amsar Halliru ɗaya ce: "Da sauƙi." Bayan suna ta dawo. Tun daga ƙofar ɗaki wari ya tare ta. Ta yaye labule. Innalillahi! Ƙafar ta zama kamar turmi, yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, ga shi yana rawar ɗari da tsakar rana.

"Kaka, mi ya faru? Bai sha maganin ba?"

"Ya sha mana, ɗiyata. Kwana ukku ya sha, kumburin ya sace, har masallaci ya tahi da ƙafarshi."

"To sauran fa?"

"Ba ke kinka ce yana kashe cuta iri-iri ba? Magani mai albarka haka, mu ɓoye shi mu kaɗai? Bilkisu ta zo dubiya da ciwon haƙori, na ba ta biyu. Junaidu na Marnona tari ya matsa mashi, ukku. Na aika ma ƙanwata huɗu a Rabah. Sai tunkiyar Malam Shafi'u da ke zawo, ita ma biyu."

Mansura ta ɗora hannu a ka. "Tunkiya, Kaka? Tunkiya?"

A asibiti Malam Sa'adu ya kwance tsumman, ya ji labarin, ya duba ƙafar.

"Wannan ya fi ƙarfina," in ji shi. "Ku wuce Sakkwato yanzu-yanzu. Yatsun nan biyu kam sun tafi. Ƙafar muke roƙon Allah ya bar mashi."

Mansura ta zauna a kan benci. Mutumin da ke ciyar da su daga tsayuwa cikin ruwa, yau ƙafarsa ake magana a kai!

Ana ɗora Halliru a mota, Kaka ta matso kusa da Mansura. Ta kwance haɓar zanenta da ƙyar. Kafso ɗaya ne a ciki, duk ya yamutse.

"Wanga naki ne, ɗiyata. Na aje maki, kada ki ce an raba an mance da ke." Hawaye suka zubo mata. "A ba shi. Ko zai isa?"