Ta Hannun Daman Baba

Wata tara ke nan Auta tana jinyar Baba, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ita ce wanka, ita ce juya shi, ita ce magani. Keken ɗinkinta ma ya koma wurin jibge zannuwan gado. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ke cin ta a rai shi ne Baba ba ya kallon ta. Za ta zauna bakin gado da faranti tana lallaɓa shi, shi kuwa fuskarsa na bango. Ya ci rabi ya bar rabi. Ta daɗe da yanke wa kanta hukunci cewa fushi yake da ita, ko kuma ya gaji da ganin ta.

Yayanta, wanda jinyarsa ba ta wuce ta waya ba, shi ya yi musu rajista da wata ƙungiya mai aiko ma'aikaciyar jinya duk Alhamis, awa huɗu, don mai kula da majinyaci ta sarara.

"Na ce maka na gaji ne, Yaya?"

"Ba ki ce ba. Muryarki ce ta ce."

Matar da aka aiko gajeriya ce, ta manyanta, ga farin takalmin roba mai ƙara a kan siminti. Auta ta sa mata Mai Farin Takalmi, ba don ƙauna ba. Alhamis ta farko Auta ta zaga kasuwa sau biyu ba ta sayi ko allura ba. Da ta dawo, faranti tas. Alhamis ta biyu ma tas. Matar tana barin wani ɗan littafi a kan tebur, wai bayanin yadda aka yini. Auta ta ɗora kwalbar magani a kansa. Ita za a koya wa ubanta?

Ran Litinin kuwa Baba, da yake yini bai haɗa kalma biyar ba, ya tambayi bango, "Yaushe Alhamis?"

Kishi ya turnuƙe ta. Wata tara tana kwashe kashi da fitsari, baƙuwa ta zo da awa takwas ta kwashe mata uba. Ta ƙudura wannan makon ne na ƙarshe.

Alhamis ta uku ba ta wuce bencin tashar mota ba. Awa ɗaya ta juyo. Tun daga bakin ƙofa ta ji dariyar Baba, wadda rabonta da ji tun yana kan ƙafafunsa. Ta tura ƙofar ɗakin ba sallama.

An janye gadon daga bango. Mai Farin Takalmi ta cusa kujera a ɗan tsukin, tana zaune ta hannun damansa, Baba na kallon ta ido cikin ido.

"Wa ya ce ki taɓa gadon nan? Ni na manna shi da bango don kada ya faɗo."

"Ina mayarwa kafin in tafi, ƙanwata," in ji matar, ko a jikinta. "Kin karanta littafin?"

Auta ta dubi littafin a kan tebur, wanda ba ta taɓa buɗewa ba.

"Duba nan," in ji matar. Baba ya cinye gefen dama na faranti ya ajiye cokali. Matar ta juya farantin, sauran abincin ya dawo dama. Baba ya ɗauki cokali ya ci gaba, kamar yanzu aka zubo masa. "Ciwon nan yakan yi wa wasu haka. Idonsa lafiya lau, amma duk abin da ke hagunsa kansa ba ya kawowa. Yana jin muryarki, bai san ta inda zai neme ki ba. Na rubuta miki tun zuwana na farko."

Auta ta dubi kujerarta, can a hagu, inda ta yi wata tara.

Matar ta miƙe ta matsa. "Zo ki zauna."

Da ƙyar Auta ta ratsa tsukin, kafaɗarta na gugar bango. Har a lokacin haushin matar take ji. Ta fi so a ce likita ne ya gano, ko Yaya, ko kowa, ban da wannan da ta sa Baba dariya.

Ta zauna. Idon Baba ya sauka a kanta, ya tsaya. Ya bi fuskarta a hankali, ya bi wuyanta da ya zube, ya dawo.

"Auta," ya ce. "Kin rame. Ina kika shiga tuntuni?"