Katin Adam Gana

Falmata ta zazzage ledar a kan tabarma, kwalayen magani suka zubo tare da wani kati.

"Maman Zion, ke ce ma'aikaciyar lafiya. A zubar da su ne, ko za su yi wa wani amfani?"

Kwana uku ke nan da rasuwar mijinta Mukhtari, mai shayin bakin layinsu a Wulari. Susanna, wato Maman Zion, maƙwabciyarsu da katanga ɗaya ta raba, ta'aziyya kawai ta shigo yi. Tana ganin kwalayen gabanta ya faɗi, don maganin tarin fuka ne. Ta ɗauki katin. Adam Gana, unguwar Fezzan.

Ta san sunan nan kamar yunwar cikinta. Aikinta ne ta bi ƙananan asibitoci duk bayan wata uku, ta tattara adadin waɗanda suka warke, da waɗanda suka rasu, da waɗanda suka daina zuwa. Adam Gana ya sha maganin wata biyu cikin shida, ya yi ɓatan dabo. Sau biyu tana hawa keke zuwa Fezzan nemansa, ba wanda ya taɓa jin sunan. Daga ƙarshe ta rubuta "ya daina zuwa" tana tsaki, don shi kaɗai ya hana asibitin cika kason da ake nema. Ashe bawan Allah yana bayan katangarta. Kullum da safe tana jin tarinsa, ita da ta ƙoshi da sanin tari, amma abin da ta iya shi ne aika masa zuma da lemon tsami.

"Ya Falmata, wannan ai ba sunansa ba ne."

"Shi ya ba su haka. Ya ce in mutane suka ji, wa zai ƙara shan shayinsa?"

"To me ya hana shi ƙarasawa? Maganin nan fa yana warkarwa."

Falmata ta sunkuyar da kai, tana murza gefen tabarma.

"Kada ki ji komai, kwana ne ya ƙare. Wata Laraba ya je karɓa, sai ya hango ki a ciki kina duba babban littafi. Daga bakin ƙofa ya juyo. Ya ce ke mutuniyar kirki ce, amma kunyarki yake ji."

Susanna ta tuna Larabar. Awa guda kacal ta yi a wurin. Baƙin ciki ya kama ta.

Falmata ta fara mayar da kwalayen cikin leda ɗaya bayan ɗaya. Can ta dakata, ta kau da kai, ta danne bakinta da mayafi, kafaɗunta suna girgiza da wani busasshen tari. Susanna ta ajiye katin, ta matsa kusa da ita a kan tabarmar.